Ganuwar Landan ba ta Rumawa kaɗai ba ce

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta bayanin da kuka buga kan tsohuwar ganuwar birnin Landan, na kuma ji daɗinsa, sai dai akwai ɗan gyara. Marubucin ya ce abin da ya rage a tsaye duk ginin Rumawa ne. Ni kuwa kullum ta gindinta nake wucewa zuwa aiki, a bakin tashar Tower Hill, kuma ko ba masani ba, in ya tsaya ya duba zai ga hannu biyu ne suka yi aikin.

Na ƙasa shi ne na Rumawa, wajen shekara ta 200 Miladiyya. Duwatsu ne da aka yi dakonsu a jiragen ruwa daga yankin Kent, aka sassaƙa su aka jera reras, kuma bayan kowane 'yan layuka sai a shimfiɗa jan bulo mai faɗi don ya ɗaure ginin. Wannan ya kai kamar mita 4. Daga nan zuwa sama, inda tsayin ganuwar duka ya kai kusan mita 10, jan layin ya ɓace, duwatsun kuma barkatai. Wancan na mutanen da suka zo daga baya ne.

Tsakanin biyun akwai dogon zamani. Da mulkin Rumawa ya ƙare wajen 410, garin ya zama kufai, mutane suka yi kaka-gida a yamma da shi, har sai da hare-haren Vikings, mahara daga arewacin Turai, suka sa Sarki Alfred ya maido da su ciki a 886. Daga nan aka yi ta ƙari da faci. An huda ƙofar Moorgate a 1415, a 1477 kuma magajin gari Ralph Jocelyn ya sa aka gyara wani sashe da bulo. Ni a ganina waɗannan masu faci sun fi cancantar yabo, don su suka riƙe kayan da ba su suka fara ba.

Ƙofofin an rushe su a shekarun 1760 don sun matse hanya, sunayensu kawai suka saura. Abin mamaki, bama-baman Jamus na 1940 ne suka tone wasu sassan da gidaje suka rufe. Akwai ma wani guntu a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa, a titin London Wall. Ranar da na je ganinsa, sai da na raɓa ta bayan wata mota.

Naku,
Mai karatu daga Landan