Mawaƙan Biki: A Daina Rataya Abincinsu a Kan Liƙi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata sana'a da kowa yake morarta ranar farin cikinsa, amma ba kasafai ake tambayar yadda masu ita suke ci da iyalansu ba, wato waƙa a gidajen biki da suna da sauran shagulgula. Ni ba mawaƙi ba ne. Sana'ata ba da hayar kayan sauti a nan Kano, lasifika da makirufo da janareta, saboda haka nakan riga mawaƙi isa wurin biki, kuma ina nan har lokacin da jama'a za su watse a zauna rabon abin da aka samu.

Idan aka ambaci mawaƙin biki, tunanin mutane yakan tafi kan 'yan ƙalilan ɗin da suka yi suna, waɗanda ake gani a YouTube da manyan motoci, waɗanda ba sa barin gida sai kuɗinsu ya shiga asusu. Ba da su nake ba. Ina magana ne a kan mafi rinjaye: saurayi mai fiyano da yaransa biyu ko uku, da mata masu kiɗan ƙwarya da ake gayyata wuni, da makaɗan kalangu a karkara, da masu bege da ake kira walima. Yawancin waɗannan ba su da tsayayyen farashi. Uwar biki takan ba su ɗan abin da ba zai wuce kuɗin mota ba, sannan ta ce kada su damu, manyan mutane za su zo, za su samu a liƙi. A kan wannan alkawari mawaƙi zai ɗebi mutanensa ya tafi, alhali ya riga ya kashe kuɗinsa.

Ga yadda kuɗin yake fita tun kafin ranar biki. A yanzu da wuya a yi kamu ko dina ba tare da waƙar amarya ba, wadda ake jero sunan amarya da ango da iyayensu da ƙawaye da abokai a cikinta. Mawaƙi zai karɓi jerin sunayen, ya shiga situdiyo, ko a Titin Gidan Zoo ko a unguwarsu, ya biya mai haɗa kiɗa, ya biya yarinyar da za ta yi masa amshi, wani lokaci a dawo da shi ya sake wani baiti saboda an manta da sunan wata gwaggo. Wannan waƙa ta biki ɗaya ce tak, ba za ta sayu a wani gida ba tunda sunayen mutane ne a cikinta. Sai kuma hayar kaya irin nawa, da kuɗin motar da za ta kwaso su, da man janareta, wanda tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 ya ninka sau da yawa, har ya kai mu ma masu haya dole muka ƙara kuɗi.

Da ma duk wanda yake ganin mawaƙa suna kwasar kuɗi zai tsaya sau ɗaya ya ga rabo. Yaron da yake tsince kuɗi zai kawo leda ko kwali ya zazzage a bayan ɗakin taro, ƙarƙashin fitilar waya, a zauna ana warware takardun da aka tattake, wasu sun jiƙe da lemo, wasu sun yage. Abin da ya yi kama da ruwan kuɗi a fili, idan aka tattara sai a ga yawancinsa 'yan hamsin ne da 'yan ɗari-ɗari, waɗanda masu liƙi suka saya a bakin ƙofa wurin 'yan canji. Kafin a gama ƙirga, wata daga dangin amarya ta iso ta ce duk abin da aka zubar lokacin da amarya take tsaye a fili na amarya ne, na mawaƙi shi ne wanda aka manna masa a goshi ko aka danƙa masa a hannu. Mai gabatarwa yana jiran nasa, DJ mai sa kiɗa yana jiran nasa, sanƙira ma haka, ga 'yan amshi da makaɗa sun zuba ido. Na sha ganin mawaƙi ya sallami kowa ya tashi da abin da ba zai kai shi gida ba, ya juyo gare ni yana ba ni haƙuri in jira cikon kuɗina zuwa wani bikin.

Wani zai ce ai haka al'ada ta gada, maroƙi ba ya yanka farashi, abin da aka ba shi kyauta ce. Gaskiya ne, amma al'adar ta zo da tsarin da yake riƙe da ita. Makaɗan fada sarki ne yake ɗauke da cinsu da suturarsu, mawaƙan jama'a kuma suna da iyayen gida, attajirai da manyan manoma da shugabannin sana'o'i, waɗanda suke ba da riguna da dawaki da hatsi, daga baya har motoci da kujerar Makka. Matashin da yake waƙar biki a yau ba shi da ubangida irin wannan, in ban da 'yan siyasa da suke nemansa idan zaɓe ya ƙarato su manta da shi bayan an rantsar da su. An bar masa sunan kyauta, an janye masa masu kyautar.

Shi kansa liƙin ya nuna cewa ba abin dogaro ba ne. A shekarar 2020, da aka kulle gari saboda cutar korona aka hana taruka, mawaƙan biki suna cikin waɗanda suka fara shiga yunwa. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, an ci gaba da ɗaura aure ana shagali, amma wanda ya kwana a layin banki kafin ya sami 'yan dubbai ba zai zo ya watsa su a filin rawa ba. Sannan ga doka. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa naira ko taka ta ko manna ta a jikin mutum a wurin shagali, tare da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Dokar ta daɗe tana barci, amma tun daga 2024 hukumar EFCC ta tashi tsaye a kanta, an gurfanar da sanannun mutane a Legas da Kano, kuma a yau da yawa daga masu hannu da shuni suna tsoron a ɗauke su a waya suna liƙi.

Ba na jayayya da wannan doka, domin wanda ya ga yadda ake tattake kuɗi a filin rawa ba zai ce ba a wulaƙanta su ba. Abin da nake cewa shi ne, hanyoyin da aka kawo a madadin liƙin ba su cike gurbin ba. Ana ajiye faranti ko akwati, ana karanta lambar asusu a lasifika, wasu ma suna zuwa da na'urar POS, amma duk wanda ya san biki ya san cewa gasa ce take fitar da kuɗin liƙi: dangin ango suna so su nuna wa dangin amarya, ƙawa tana so a ga ta fi ƙawa. Kuɗin da aka tura ta waya babu mai gani, don haka ba a tura shi da yawa, wani ma ya ɗaga waya kamar ya tura alhali bai tura komai ba.

Saboda haka ina kira ga iyayen biki da su ɗauki mawaƙi kamar yadda suke ɗaukar mai abinci da mai hoto da mai kwalliya da mai ɗakin taro, waɗanda babu wanda yake ce musu su jira liƙi. A yi jinga da shi tun farko, a ba shi kafin alƙalami da zai shiga situdiyo da shi, a cika masa kafin ya fara aiki, a kuma faɗi ƙarara na wane ne abin da baƙi za su bayar. Ko a saƙon waya aka rubuta wannan ya wadatar, in dai akwai shaida. Wanda ba shi da halin biya, babu laifi ya yi bikinsa ba mawaƙi. Abin da bai dace ba shi ne a gayyato mutum da tawagarsa a bar shi da Allah ya kawo. A tuna kuma cewa sana'ar ta lokaci ce. Ana rububin biki a watan Sha'aban da bayan Sallah da ƙarshen shekara, a karkara kuma da kaka, amma duk watan azumi babu aiki, damina ma sai a hankali, kuma abin da aka samu a 'yan watannin nan shi ake ci a sauran.

Su ma mawaƙan akwai gyara a wajensu, kuma ba zan ɓoye ba don muna cin abinci tare. Akwai mai karɓar kafin alƙalami a gida uku rana ɗaya, ya iso wani wurin bayan an kusa tashi, ya sa waƙar da ya naɗa yana motsa baki, ya yi minti kaɗan ya fice. Akwai mai jefa habaici ga wanda bai yi masa liƙi ba har ya kunyata shi cikin mutane, akwai mai kawo kalaman da iyaye ba za su iya saurara tare da 'ya'yansu ba. Mafi muni a wurina shi ne mawaƙin da yake kukan an cuce shi, alhali shi ma ba ya gaya wa makaɗansa da 'yan amshinsa nawa aka biya, sai ya miƙa musu abin da ya ga dama. Wanda yake neman a yi masa jinga, ya fara yi wa yaransa.

Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa mawaƙa rajista tana kuma sa ido a kan abin da suke rerawa. Tunda sunayensu suna hannunta, ina roƙonta ta zauna da ƙungiyoyinsu da masu ɗakunan taro su fitar da 'yar takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa, wadda uwar biki da mawaƙi za su sa wa hannu, ta kuma ware teburin da wanda aka hana haƙƙinsa, mawaƙi ne ko mai biki, zai kai ƙara ba tare da ya je ofishin 'yan sanda ba.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, amin.

Naka,
Wani mai hayar kayan sauti,
daga Kano.