Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Tarayyar Afirka Kan Sojojin Ƙetare a Sahel

Mai girma Mahmoud Ali Youssouf,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in tambaye ka inda aka kwana game da rundunar ko-ta-kwana ta Afirka. Ka fi kowa sanin cewa an ce za ta fara aiki a 2010, aka ɗage zuwa 2015, kuma har yau babu wani ƙauye a Sahel da ya taɓa ganin ƙurar motocinta. A 2013, lokacin bikin cika shekara 50 da kafa ƙungiyar haɗin kan Afirka, shugabanni suka ɗauki alkawari a Addis Ababa cewa za a daina jin ƙarar bindiga a nahiyar nan kafin ƙarshen 2020. Da wa'adin ya cika sai aka mayar da shi 2030. Kana ministan harkokin wajen Jibuti aka yi mafi yawan waɗannan alkawura, don haka da kai aka yi su.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013, ta yi kusan shekara goma tana yaƙi da masu iƙirarin jihadi, ta fita a 2022 ta bar su sun fi dā ƙarfi da yawa. Aka sallame ta daga Burkina Faso da Nijar a 2023, Amurka kuma ta bar sansanin jirage marasa matuƙa da ta kashe fiye da dala miliyan 100 ta gina a Agadas. Mutane sun yi murna a titunan Bamako da Yamai, kuma suna da hujjar yin murna. Amma kafin baƙon farko ya gama tattara kayansa, sojojin hayar kamfanin Wagner na Rasha sun riga sun sauka a Mali, daga baya kuma suka miƙa aikin ga wata runduna da ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Rasha kai tsaye.

Ranka ya daɗe, ka dubi abin da talaka ya samu daga ɓangarorin biyu. Ranar 3 ga Janairun 2021 jiragen yaƙin Faransa suka jefa bama-bamai kusa da ƙauyen Bounti a ƙasar Mali, kuma binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano cewa taron ɗaurin aure ne, farar hula 19 suka mutu. Faransa ta musanta. A ƙarshen Maris na 2022, ranar kasuwa, jirage masu saukar ungulu suka dira a garin Moura, aka killace garin kwana biyar, ana ware maza rukuni-rukuni ana harbe su a bakin ramuka. Rahoton Majalisar ya ce aƙalla mutum 500 aka kashe, ya kuma ɗora alhakin a kan sojojin Mali da wasu sojojin ƙetare da ke tare da su. Gwamnatin Mali ta musanta, Rasha kuma ta hana Kwamitin Sulhu kiran a gudanar da bincike mai zaman kansa. Wace ƙofa iyalan waɗannan mamata za su ƙwanƙwasa, idan ƙungiyar da aka kafa da sunansu ba ta taɓa tsayawa kai da fata a kan jininsu ba?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda rigimar wasu ta tare a ƙasarmu. A Yulin 2024 aka yi wa ayarin sojojin Mali da na Wagner kwanton ɓauna a Tinzaouaten, kusa da iyakar Aljeriya, sai ga kakakin hukumar leƙen asirin sojan Yukren yana nuna cewa 'yan tawayen sun samu bayanan da suke buƙata. Mali da Nijar suka yanke hulɗa da Yukren. Yaƙin da ake gwabzawa a gabashin Turai ke nan ya buɗe sabon fage a hamadar Sahara, a yankin da a waccan shekarar ya ɗauki fiye da rabin mutanen da ta'addanci ya kashe a duniya baki ɗaya.

Na san za a ce an dakatar da Mali da Burkina Faso da Nijar daga Tarayyar saboda juyin mulki, za a kuma ce babu kuɗi. Dakatarwa hukunci ne a kan masu mulki, bai kamata ta zama dalilin juya wa manoma da makiyaya baya ba. Batun kuɗi kuwa, tun Disamban 2023 ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2719 ya buɗe hanyar da Majalisar Ɗinkin Duniya za ta biya har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin rundunonin da Tarayyar ke jagoranta.

Don girman Allah, ka kira zama na musamman na Kwamitin Zaman Lafiya da Tsaro na Tarayyar kan sojojin ƙetare a Sahel. Ka nemi kowace ƙasa ta bayyana wa jama'arta yarjejeniyar da ta ƙulla da duk wata rundunar waje, ka tura masu bincike na Afirka zuwa Moura da Bounti, sa'an nan ka faɗa mana ranar da rundunar ko-ta-kwana za ta sauka a fagen fama. Ƙasarka ta karɓi sansanonin Amurka da Faransa da Sin da Japan a lokaci guda, saboda haka ka san yadda ake zama da waɗannan ƙasashe a teburi ɗaya a gindaya musu sharuɗɗa. Muna jiran amsarka a bainar jama'a.

Wassalam,
Wani ɗan yankin Sahel