Fim ɗin ban tsoro ba sai da tulin kuɗi ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Sana'ata tura fina-finai a waya, ina da ɗan shago a Tudun Wada, don haka na san abin da matasa ke nema da kuɗinsu. In ka cire na Indiya mai fassara, babu abin da ke fita kamar fim ɗin dodanni da na zombi, gawarwakin nan da ke tashi suna bin masu rai da cizo. Yaro zai miƙo memori ya ce, "Oga, a sa min mai tsoro sosai." In na nuna masa na Hausa sai ya girgiza kai. Kuma yana da gaskiya: aljanin namu hoda ce a fuska da farin ƙyalle da dariyar ƙeta, ko ɗan firamare ba ya razana.

Masu shirya fim kullum kukansu babu jari. Ban yarda ba. A 1968 George Romero ya yi Night of the Living Dead a kusa da Pittsburgh ta Amurka da dala 114,000 kacal, hoton baƙi da fari, jinin ma ruwan cakulan ne. Kusan duk labarin a gidan gona ɗaya ya ƙare, mutane sun kulle kansu suna buga katako a taga, suna rigima a junansu, gawarwaki na waje. Jarumin, Duane Jones, baƙar fata ne. Shi kaɗai ya kai safiya da rai, sai 'yan sintirin da suka fito farautar gawarwakin suka hango shi ta taga suka bindige shi. A shekarar da aka kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, aka saki fim ɗin. Wannan ƙarshen ya fi duk cizon da ke ciki tsaya mini a rai, kuma saboda irinsa ne har yau ake neman fim ɗin.

A gida ma an gwada. C.J. Obasi ya yi Ojuju a Legas a 2014 da ɗan abin da ke hannunsa, inda gurɓataccen ruwan sha ya mai da mutanen unguwar talakawa dodanni.

Ba cewa nake a kwaikwayo gawa mai tashi ba. Mamaci yana da alfarma a wurinmu, ba zan so a yi wasa da makara ba. Amma wa bai tashi da labarin maye mai kama kurwa ba, ko 'yan ruwa da ake hana mu zuwa kogi saboda su? Wurin ɗauka kuwa Kaduna ba ta rasa ba. A je Kakuri a ga masaƙun da suka mutu: injuna sun yi tsatsa, ciyawa ta fasa siminti, kwano na kaɗawa in iska ta taso. A sa maigadi ɗaya da tocila mai raunin batir a ciki, ya ji ana kiran sunansa da muryar abokin aikinsa da ya rasu. Kuɗi nawa wannan zai ci?

Ina roƙon jaridarku ta tura wakili wurin masu shirya fim na Kaduna da Kano, a tambaye su abin da ya hana. Duk wanda ya yi shi da kyau, ni zan fara saye da kuɗina, masu kallo kuma suna nan a bakin shagona kowace yamma.

Naku,
Mai tura fina-finai,
Tudun Wada, Kaduna