Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Koyon Rubuta Manhaja

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum. Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya aiwatar a shekarar da ta ƙare, da abin da bai samu ya kammala ba, tare da dalilan da suka jawo hakan.

Zaman karatu na mako-mako da taron kwamiti na wata-wata sun gudana kamar yadda aka saba, kuma bayanansu suna cikin kundin sakatare ga mai son dubawa.

Aikin da ya fi kowane samun karɓuwa a bana shi ne zaman yini guda da muka keɓe domin kurakuran da sababbin shiga ke yawan yi da yadda ake tarbar waɗannan kurakurai. Abin da ya sa muka shirya shi sananne ne ga duk mai zuwa karatu: da yawa daga cikin waɗanda suka daina zuwa, ranar da saƙon kuskure ya cika musu allo suka rufe kwamfuta, suka yanke wa kansu hukuncin cewa ba su da kan wannan aiki. Saboda haka masu koyarwarmu suka rubuta ƙananan shirye-shirye da yaren rubuta manhaja na Python, suka lalata su da gangan, suka raba wa mahalarta su nemo inda matsalar take. An fara da koya musu karanta saƙon daga ƙasa, domin layin ƙarshe ne ke faɗin sunan kuskuren, na samansa kuma su nuna fayil da lambar layin da abin ya faru. Kafin a je hutun farko, mutanen da ba su taɓa tsayawa sun karanta irin wannan saƙo ba suna gane cewa SyntaxError ya fito ne don an manta ruwa biyu a ƙarshen layin if, IndentationError don layuka ba su daidaita ba, NameError kuma don an rubuta suna da ƙaramin baƙi a sama sannan aka kira shi da babban baƙi a ƙasa. An kuma ja kunnen masu kwafo darussa daga intanet ba tare da duba shekarunsu ba, domin an daina kula da Python 2 tun ranar 1 ga Janairun 2020, kuma print (umarnin fitar da rubutu a allo) marar baka biyu da ke cikin tsofaffin darussan ba ya aiki a Python 3.

Kashi na biyu ya fi armashi, domin a nan aka shiga kurakuran da ba sa bayyana sai shiri yana cikin gudana. An ba kowa shirin da ke tambayar shekarun mutum, aka ce ya ba maƙwabcinsa ya gwada. Nan take wani ya rubuta “ashirin” da haruffa maimakon 20, shirin ya faɗi da ValueError, zauren ya kaure da dariya. Daga wannan misali aka bayyana cewa input, mai karɓar abin da mutum ya shigar, kullum rubutu yake dawo da shi, kuma ba kowane rubutu ne int, mai mayar da rubutu lamba, ke iya mayarwa ba. Aka nuna yadda ake sanya layin da ake zargi a ƙarƙashin try, a kama kuskuren da sunansa a except, a sake tambayar mutum cikin ladabi, a bar abin da za a yi idan komai ya tafi daidai a else, abin da dole a yi ko ta halin ƙaƙa kuma a finally. An bi ta kan IndexError ga wanda ya manta cewa ƙidayar jeri daga 0 take farawa, da ZeroDivisionError ga mai neman matsakaicin jerin da babu komai a cikinsa. Wata 'yar uwa ta kawo matsalar da ta daɗe tana damunta, wato shirinta na adana sunaye yana faɗuwa da UnicodeEncodeError a kan Windows duk lokacin da suna ya ƙunshi ƙ ko ɗ ko ɓ, kuma a gaban kowa aka warware ta da ƙara encoding="utf-8" a wurin buɗe fayil.

Inda masu koyarwa suka fi tsayawa, kuma a ganina sun yi daidai, shi ne ɗabi'ar rubuta except shi kaɗai ba tare da sunan kuskure ba, a bi shi da pass, wato kada a yi komai. Mai yin haka kamar wanda ya ɗaure ciwo da tsumma ne bai wanke shi ba: shirin zai daina ƙorafi, amma sakamakonsa zai ci gaba da fitowa a karkace, kuma har umarnin tsayarwa na Ctrl+C irin wannan except ɗin yana haɗiyewa. An rufe da labarin rokar Ariane 5 ta Turai, wadda ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta ranar 4 ga Yunin 1996, saboda manhajar da aka gado daga Ariane 4 ta yi ƙoƙarin cusa lamba mai bit 64 a gurbi mai bit 16 da ya yi mata kaɗan (bit shi ne ma'aunin girman bayani a kwamfuta), ba a tanadi abin da zai tarbi kuskuren ba, kwamfutar ko-ta-kwana kuma manhaja iri ɗaya take ɗauke da ita, don haka ita ma ta tsaya. Muna godiya ga masu koyarwa da suka yi wannan aiki ba tare da karɓar ko sisi ba, da ɗan uwan da ya ara mana majigi.

Ɗan littafin da muka yi alkawarin fitarwa kan waɗannan kurakurai bai fito ba, kuma tun da ana ta tambaya, ya kamata a san dalili. An raba babi-babi ga waɗanda suka ɗaga hannu da kansu a babban taron bara. Babin kurakuran rubutu da na try da except sun iso, an tace su, suna nan a ajiye. Babin fayiloli da na kurakuran lissafi, wato irin waɗanda ba sa fitar da wani saƙo, kamar mai zaton umarnin ƙidaya range(1, 10) zai kai 10 alhali a 9 yake tsayawa, har yau ba mu gan su ba duk da tunin da aka yi ta yi. Kwamiti bai ga dacewar fitar da rabin littafi ba. Haka nan shirin naɗar darussa a bidiyo ya tsaya, domin babu kuɗin sayen abin ɗaukar sauti, kuma gwajin da aka yi da waya ba a jin muryar mai magana.

Wannan ya kawo mu ga batun kuɗin wata-wata. Mafi yawan sunayen da ke cikin rajista ba su biya cikakken kuɗin shekara ba, wasu kuma rabon da a ga nasu tun ranar da suka yi rajista. Kuɗin zaure da na data a ranar babban zaman daga aljihun 'yan kwamiti suka fito, kuma har yanzu asusu bai iya mayar musu ba. Abin da ya fi ɓata rai shi ne, waɗanda ba sa biya kuma ba sa zuwa su ne kan gaba wajen turo hoton saƙon kuskure da tsakar dare suna neman a gyara musu nan take, sau da yawa ma kuskuren da aka yi yini guda ana bayaninsa ba su halarta ba. Ma'aji ɗalibi ne kamar kowa, ba a ɗauke shi aikin bin bashi ba.

Kwamiti zai gabatar wa babban taro mai zuwa shawarar cewa duk wanda bai biya bashinsa ba kafin ranar taron a dakatar da sunansa daga rajista har sai ya biya, kuma mambobi ne za su yanke hukunci a kai. Jerin bashin kowa yana hannun ma'aji. Babi biyun da suka rage za a karɓe su daga masu riƙe da su a sake ba wasu, don haka wanda zai iya rubuta ɗaya daga ciki ya sanar da sakatare kafin ranar taro.