Godiya ga mai shagon walda da kafinta na unguwarmu

Assalamu alaikum.

Malam, na san ba ka son yabo a bainar jama'a, shi ya sa ban kama sunanka ba. Amma maƙwabtana a Hotoro da suka ga garejina kafin ka sa hannu sun san da wa nake.

Shekara 6 motata tana kwana a waje, rana ta dake ta, ƙurar hunturu ta lulluɓe ta, alhali ga gareji. Kaya sun cinye shi: buhunan masara, tukwanen biki na uwargida, kujerun roba, tsofaffin tayoyi, kekunan yara, janareta da jarkokin fetur. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne daminar bara, da ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, na ɗaga kwalin littattafan marigayi mahaifina na tarar gara ta fara cin gindinsa. Ranar ban iya cin abinci ba.

Da ka zo, ba ka fara da maganar kuɗi ba. Ka ce in shigo da motar gwargwadon yadda za ta shiga, ka buɗe ƙofofinta huɗu, ka zana iyakarsu da alli a ƙasa, ka ce, "Alhaji, daga nan zuwa bango ne namu." Sannan ka je Ƙofar Ruwa ka sayo ƙarfe, yaronka ya ɗauko katako daga 'Yan Katako na Na'ibawa. Cikin kwana 4 kantar ajiye kaya ta tsaya a bango biyu, ƙafafunta na ƙarfe, hawan farko an ɗaga shi sama da ƙasa saboda ruwa, katakon kuma ya sha baƙin mai saboda gara. Buhuna da tukwane a ƙasa, marasa nauyi a sama. Kekuna da tsani suna rataye a ƙugiya.

Wuri ɗaya muka yi saɓani. Na so a yi wa janareta gurbi a ciki saboda ɓarayi, ka ƙi ƙememe. Ka ce hayaƙinsa a rufaffen wuri kisa yake ba tare da mutum ya ankara ba, ga fetur kuma a gefe, ga tagar ɗakin yara. Ka ƙera masa keji a waje mai kwaɗo biyu. A lokacin na ji haushi, yanzu kuwa har zuciyata na gode.

Ragowar kuɗin ƙarfe ka dawo mini da shi a ambulan tare da rasit, ban ma tambaya ba. Yaranka suka share wurin tas kafin su tafi.

Littattafan Baba yanzu suna hawa na sama, cikin akwatin ƙarfen da ka yi musu kyauta don ka ji labarinsu. Jiya bayan la'asar na sauko da ɗaya, na ga rubutun hannunsa a gefen shafi, na zauna nan cikin garejin ina karantawa har aka kira magariba.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare idanunku daga hasken walda, ya jiƙan iyayenmu.

Naka,
Wani maƙwabcinka a Hotoro, Kano