Godiya ga ma'aikatan Cardio na Korle Bu

Assalamu alaikum jama'ar Nima da Maamobi. Ina so in miƙa godiya a bainar jama'a ga likitoci da nas-nas na cibiyar zuciya ta asibitin Korle Bu a Accra, wadda muke ce ma Cardio, wadda Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa a 1989. Allah ya saka muku da alheri.

An haifi ɗiyata da ciwon zuciyar nan da ake kira Fallot, in ta yi kuka leɓɓanta su yi baƙi, nan Cardio aka yi mata aiki tana ƙarama aka faɗaɗa hanyar da jini ke bi daga zuciya zuwa huhu. Tun lokacin dokta ya ce kar mu daina zuwa, don bawul ɗin wurin, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, zai riƙa yoyo, jini na komawa baya, ɓangaren dama na zuciya na ta kumbura a hankali yarinya kuma tana wasanta ba wanda zai gane. Da eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura, suka kama shi.

Ni tsorona a sake tsaga ƙirjinta. Dokta ya zaunar da mu da mamanta ya ce yanzu ana iya zura sabon bawul da katita, wato siririn bututu, ta jijiyar cinya har cikin zuciya, tun 2000 aka fara a Faransa, sai dai irin na farkon, Melody, ya yi ma hanyarta kaɗan don tata ta buɗe da yawa, sai irin masu buɗewa da kansu su kama wuri kamar Harmony da Venus P. Abin da ya fi taɓa ni wallahi, shi da bakinsa ba mu tambaya ba ya ce waɗannan biyun da tantanin zuciyar alade ake yin su, ya san mu Musulmi ne, mu je mu yi shawara kafin a sa hannu. Muka je wurin malam ya ce lalura ce.

Ma'aikatan Cardio su suka haɗa siken da takardu suka tura Indiya inda aka yi aikin, ɗan rauni a gindin cinya kawai, kwana kaɗan aka sallame mu, yanzu ta koma makaranta kuma Cardio ke ci gaba da duba ta.

'Yan uwa wanda aka yi ma yaronsa aikin zuciya, don Allah kar ku ce ya warke ku yar da katin asibiti, ku riƙa kai shi eko.