Kafin a ɗora Linux a kan fayawol, a fara tambaya wa zai kula da shi

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu haɗa netwok a makarantu da kafe da cibiyoyin jarabawa.

Kwanaki aka kira ni wata makaranta wai intanet ɗinsu ya tsaya, ina zuwa na tarar da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur ƙura duk ta rufe ta, ita ce fayawol ɗinsu, wato katangar da ke tsare kwamfutocinsu daga masu kutse, kuma IPCop ne a kanta, wani nau'in Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) da aka yi don aikin fayawol. Wallahi sai da gabana ya faɗi. IPCop fa tun 2015 rabon da a sabunta shi, wanda ya ɗora musu ya bar garin, ba wanda ya san ko kalmar sirrin, ga bayanan yara ga lissafin kuɗin makaranta duk ita ce ke gadinsu.

Shi ya sa in yara suka tambaye ni oga wane Linux ya fi, nakan ce wa zai riƙa sabunta shi in ka tafi? In babu gwani a wajen to a sa IPFire, daga IPCop ɗin ya samo asali amma shi har yanzu ana aikinsa, kuma ta burauza ake saita shi, ya raba netwok da launuka, ja ɓangaren intanet, kore na cikin gida, shuɗi na Wi-Fi, malamin kwamfuta ma zai iya riƙe shi. Sai dai yana son katin netwok biyu aƙalla, kuma tun ƙarshen 2021 ya daina tallafa wa tsofaffin kwamfutoci masu 32-bit.

Ni dai a ƙaramin waje OpenWrt na fi so saboda matsalar wuta. Shi ma Linux ne, a kan 'yar rauta yake zama, wato ƙaramar na'urar da ke raba intanet, wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba, ƙaramin batir ko sola ya ishe shi, ba kamar babbar kwamfuta ba da in aka yi ta ɗauke wuta tana cikin rubutu a faifai wata rana sai dai ka ga ta ƙi tashi.

Linux ɗin Debian da nftables, manhajar fayawol ɗinsa, kuwa na wanda ya iya rubuta dokokin abin da zai shiga da abin da za a tare da hannunsa ne, yana da kyau sosai amma kar ka bar wa wanda bai taɓa buɗe tamina ba, wato allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni. pfSense da OPNsense da ake ta yabo su ma lafiya lau ne, amma a kan wata babbar manhaja daban mai suna FreeBSD suke, ba Linux ba, a duba ko za su ga katin netwok ɗinka kafin ka saya. Masu Linux ɗin CentOS 7 ku kuma tun 30 ga Yunin 2024 aka daina kula da shi, ku sauya don Allah.

Waccan makarantar IPFire na sa musu, na rubuta kalmar sirri a ambulan na damƙa wa shugaban makaranta, muka kuma yi da su zan riƙa leƙowa duk wata in sabunta.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta, daga Kano